Tsakanin Windows da Linux: Yadda Wasan Ƙwallo ya Hana Ni Ƙaura Gaba Ɗaya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, bayan shekara goma da 'yan watanni da fitowarta. A Turai da Amurka an yi ta cece-kuce a kan haka. A nan wajenmu kuwa, daga Bangi zuwa Madawa, Buza da Keita, ranar ta zo ta wuce ba wanda ya ɗaga kai, alhali mu ne lamarin ya fi shafa. Dalili shi ne kusan duk kwamfutar da za ka gani a hannun malamin makaranta ko ɗan kasuwa a wannan yanki ta hannu ce, wadda wani ya gama cin moriyarta a wata ƙasa kafin ta biyo ta Kwatano ko Legas ta iso kasuwar Maraɗi ko Sakkwato. Windows 11, wadda aka ce a koma mata, tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar Intel ce, sai ta kasance ta zubi na takwas zuwa sama. Tawa ta zubi na shida ce. Tana aiki lafiya lau, amma ƙofar ta rufe mata.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin firamare mai shekara arba'in da ɗoriya da zancen wasan kwamfuta? Amsar tana cikin yadda akasarinmu muka fara taɓa wannan na'ura. Lokacin da nake makarantar horon malamai a Tawa, in mun shiga gidan intanet layi ya tsinke, abin da ya rage mana a kan Windows XP shi ne wasan karta na Solitaire da wani wasan ƴar ƙwallo mai suna Pinball. Da su muka koyi riƙe linzami, da ja da saki, da danna sau biyu. Shi kansa Solitaire an saka shi a Windows tun 1990 don mutane su saba da linzami. Ni dai ban ga wanda ya koyi kwamfuta daga allo da alli ba. Yaro yakan shiga ta ƙofar wasa, daga baya ya tarar da sauran ɗakunan.

Kwamfutar tawa ayyuka biyu take yi. Da rana ita ce ma'ajiyar makin ɗalibai, da tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, da takardun da ake aika wa sufeto. Da dare, musamman daren Asabar, in an sallame Isha'i, ita ce filin wasa na fadar samarin unguwarmu. Ana ɗora shayi a kan gawayi, a jona hannuwan wasa biyu masu waya, a buɗe PES 2013, wasan ƙwallon kamfanin Konami na Japan wanda ya fito a 2012. Tsohon wasa ne, amma da tsohuwar zuma ake magani: ba ya neman intanet, ba ya wahalar da na'ura, kuma cajin da faifan sola ya tara da rana yana isar mu wasa shida ko bakwai. Yaran sun zauna da hannunsu sun gyara ƙungiyar Mena, sun saka sunayen ƴan wasa ɗaya bayan ɗaya, har Musa Ma'azu sun ba shi gudun da ya fi na kowa. Mai Real Madrid da mai Barcelona ba sa ga maciji sai an zuba shayi na biyu.

Na san akwai dattawan da ke ganin wannan ɓata lokaci ne, kuma ban raina maganarsu ba. Amma ina da nawa lissafin. Bayan girbi, garin nan yakan zama fayau, samari sun tafi ci-rani Najeriya, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Waɗanda suka rage, in ba su da wurin zama mai tsabta, wurin zama marar tsabta ba ya wuyar samu. A ƙofar gidana na san wanda ya zo, na san wanda bai zo ba, kuma tsakanin wasa da wasa nakan ji wanda ke shirin barin makaranta tun kafin iyayensa su ji. Doka ɗaya ce: wanda bai yi salla ba, ko ɗalibin da bai gama aikin gida ba, ba ya taɓa hannun wasa.

To, matsalar ita ce ayyukan nan biyu suna kwana a ɗaki ɗaya. A yankinmu fayil ba ya yawo ta intanet, ta kile yake yawo, wato ɗan filashin nan da ake sokawa a gefe. Kile ɗaya zai shiga na'urar mai kwafin takardu, ya shiga ta mai tura waƙoƙi a kasuwa, ya shiga ta malami. Kowa ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka inuwarsu, ka danna ka ga wayam. Galibin wasannin da ke yawo a kile kuma an fasa makullinsu ne, kuma mai fasa makulli ba ya rasa abin da zai cusa a ciki. Muddin gyaran tsaro na zuwa, akwai ɗan katanga. In ya tsaya, katangar ba ta faɗi rana ɗaya, amma duk ramin da ɓera ya haƙa ba mai toshewa. Makin yara sittin da wani abu ba abin da zan sa a caca ba ne.

Hanyoyi uku ke gabana. In sayi sabuwar kwamfuta, wanda albashin malami da farashin buhun hatsi ba su yarda ba. In shiga shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 har zuwa Oktoba 2026, wanda jinkiri ne kawai na shekara guda. Ko kuma in sauya uwar manhajar ɗungurungum in koma Linux, wadda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma har yau kyauta ce ga kowa, ba sata ba roƙo. Na zaɓi reshenta mai suna Linux Mint, wanda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya assasa a 2006, domin fuskarsa ta yi kama da Windows, kuma zubi na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Nauyinsa ya kusa giga uku, don haka sai da na haɗa saukar da shi da wata tafiya Madawa, inda layi ya fi ƙarfi.

Ta fuskar aiki, ƙaurar ta yi albarka. Na'urar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. LibreOffice ya buɗe takarduna, sai dai wasu jadawalai sun ɗan goce saboda bambancin haruffa, shi ya sa yanzu nake mayar da duk abin da zan kai bugawa zuwa PDF. Kile mai cuta in na soka, ina ganin fayilolin da ta ɓoye da ita kanta cutar a zaune, ba ta da ƙafar tafiya, in goge ta kamar ƙura. Abokan aiki har sun fara kawo mini nasu in wanke. Kuma akwai tsarin allon rubutu na Hausa a ciki, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna fita ba wahala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanzu da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar.

Wasa ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Wasannin da muka sani an gina su ne don Windows, da harshenta suke magana, musamman abin da ake kira DirectX, wanda ke isar da saƙo tsakanin wasa da sashen zane na na'ura. Linux ba ta jin wannan harshe, sai da tafinta. Tafintan shi ne Wine, aikin sa-kai da aka fara tun 1993. A 2018 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya ɗauki Wine ya ƙara masa ƙarfi ya kira shi Proton, sannan a 2022 ya fitar da na'urar wasa ta hannu, Steam Deck, wadda Linux ce a cikinta. Tun daga nan dubban wasannin Windows suka fara gudu a Linux. Duk wanda ya karanta wannan labari a intanet zai ɗauka magana ta ƙare.

Sai dai masu rubuta waɗannan shawarwari suna zaune ne inda intanet ba ya yankewa kuma ba a ƙirga shi. Za su ce maka sauke wannan, in bai yi ba gwada wancan zubin. Kowane gwaji ɗaruruwan mega ne, kowace mega kuma sefa ce daga aljihu. Steam na son katin banki mai aiki a ƙetare, abin da malamai ƙalilan suka mallaka. Manyan wasannin zamani kuma wasu sun haura giga hamsin. Sannan akwai waɗanda ba sa gudu a Linux ko kana da intanet ɗin duniya, irin su Fortnite da Valorant da sababbin wasannin ƙwallo na EA, saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsu tana neman shiga can ƙuryar uwar manhaja, kuma masu su ba su buɗe wannan ƙofa ga Linux ba. Waɗannan ba su dame mu ba, tun da na'urorinmu dama ba za su ɗauke su ba. Damuwarmu ƙanana ce, amma ita ce ke hana barci.

Wasan ƙwallonmu ya buɗe a Wine, har muka yi murna. Amma hannuwan wasanmu, irin masu arahar nan marasa suna da ake sayarwa biyu a waya ɗaya, suka rikice: maɓallin bugu ya koma na ba da ƙwallo, hannu na biyu kuma wani lokaci ya ɓace ana tsakiyar wasa. Wani wasan tseren mota da yara ke so ya fito da hoto ba sauti. Wani kuma baƙin allo kawai ya nuna. Hatta allon rubutu ya shiga rigimar, domin na'urata tsarin Faransa ce, AZERTY, wasannin kuma suna zaton QWERTY irin na Najeriya, sai ka danna gaba mutum ya tsaya ƙyam. Kowace matsala tana da magani a wani lungu na intanet, cikin Turancin Ingilishi, mu kuma da Faransanci muka yi karatu.

Daren Asabar na uku, fada ta ragu zuwa mutum huɗu. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Malam, don Allah a mayar mana da ta da. Wannan ta masu ilimi ce." Na ce masa sabo turken wawa. Ya ce, "Haka ne Malam, amma ai ba a ɗaure doki sai da turke." Dariya muka yi, amma maganar ta zauna mini. Wanda ya yini a gonar albasa yana ban-ruwa bai zo ƙofata don ya koyi rubuta umarni a baƙin allo ba. Ya zo ne ya ci abokinsa uku da nema ya tafi ya kwanta da daɗi.

Mafitar ta fito ne daga babban ɗana, wanda ke aji uku a kwaleji. Ya ce, "Baba, me zai hana a raba gidan biyu, kowa da ƙofarsa?" Haka muka yi. Muka yanka ma'ajiyar na'urar kashi biyu: Linux Mint a ɓangare ɗaya, da makin ɗalibai da duk abin da ya shafi intanet, Windows 10 a ɗaya ɓangaren, ba ta da komai sai wasanni, an kashe mata hanyar intanet, kuma ba a soka mata kilen kowa. In an kunna, na'ura ta tambaye ka inda za ka.

Zaman kishiyoyi kuwa sai da haƙuri, kuma ga abubuwa biyu da duk mai son bin wannan hanya zai tarar. Na farko agogo. Linux tana ajiye lokacin duniya na Greenwich a cikin na'ura, Windows kuma tana ɗauka lokacin gari ne, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya. Saboda haka duk lokacin da ka fito daga Linux ka shiga Windows, sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda. Umarni ɗaya ke gyara shi, amma kafin a gyara, kada mai azumi ya dogara da shi wajen sahur. Na biyu, Windows tana da wani tsari na saurin tashi wanda ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya bar ɓangarenta a kulle, Linux ta iya karantawa amma ba ta iya rubutu a ciki. Sai an kashe wannan tsari ake samun zaman lafiya. Kafin komai kuma, a kwafe takardu masu muhimmanci a wuri biyu, domin raba ma'ajiya aiki ne da kuskure ɗaya ke share shekaru.

Ribar da ban yi zato ba ita ce ta yaran. Saboda neman yadda wasa zai gudu, ɗana ya koyi raba ma'ajiya, ya koyi saka uwar manhaja, ya fara karanta bayanin Ingilishi da ƙamus a gefe. Yanzu shi ke gyara wa malamai biyu na'urorinsu, har yana samun na sabulu. A ɓangaren Linux kuma na tarar da GCompris, tarin wasannin koyarwa da Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000, mai lissafi da haruffa da taswira, yana aiki ba intanet. Ranar Laraba nakan kai na'urar aji, yara su zo biyar-biyar. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba ita ce ta fi kowa sauri a wasan ninkawa. SuperTuxKart, tseren mota na kyauta, ya maye gurbin wancan da ya rasa murya, ƙananan yara ba su ma lura an sauya ba.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai da ke riƙe da tsofaffin na'urori ita ce kada tsoro ya sa ku jefar da abin da ke aiki, kada kuma zaƙin bakin masu yabon Linux ya sa ku share komai dare ɗaya. Ana iya gwada Linux Mint daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Ku gwada firintarku, ku gwada hannun wasanku, ku buɗe takardunku, sannan ku yanke hukunci. Ga matasanmu da suka yi karatun kwamfuta a jami'o'in Tawa da Maraɗi da Yamai kuwa, ga aiki nan yana jira: bayani cikin Hausa, da kile guda mai ɗauke da duk abin da ake buƙata, wanda zai yi yawo daga makaranta zuwa makaranta ba tare da an sayi data ba. In kile na iya yaɗa cuta daga Madawa zuwa Keita, zai iya yaɗa magani ma.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa yaranmu albarka.