Neman Gurbin Mastas Kafin Jami'a Ta Zo Dutse

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta samu gidan gwamnati da ma'aikatu, amma jami'a sai da ta jira shekara ashirin. A tsawon wannan lokaci, duk malamin sakandare ko ma'aikacin da ke son ƙaro digiri na biyu, ɗan Kiyawa ne ko Jahun ko Birnin Kudu, galibi sai ya nufi Kano, Zariya ko Maiduguri.

Daga jarida neman ke farawa. Wani zai ga sanarwar Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a New Nigerian, ya yanke shafin, ya yi ta yawo da shi ofis-ofis. Sai a je banki a yanko daraf, a yi sammakon tasha, a bi ta Kwanar Huguma da Wudil don karɓo fom. Da yake guda ɗaya ake bayarwa, sai an yi fotokwafinsa an gwada cikewa da fensir kafin a yarda biro ya taɓa na ainihi.

Sannan a shiga tara takardu: sakamakon WAEC, shaidar digiri, takardar gama bautar ƙasa, rantsuwar shekarun haihuwa daga kotu, da hotunan fasfo. Ma'aikaci kuma ga neman hutun karatu a gabansa. Wadda ta fi cin rai ita ce taranskirif, domin ba a damƙa wa mai ita. Jami'ar da ka gama ce za ta aika ta gidan waya, kai kuwa naka sintiri ne da "a dawo mako mai zuwa".

Amma inda ake gane mutum shi ne wajen malamai ukun da za su tsaya masa shaida. Da ƙafarka za ka je, ka tsaya bakin ofis, ka rusuna: "Allah ya gafarta Malam, ɗalibinka ne." Malam ya ɗago kai ya dube ka, ya ce, "A kan me ka yi furojet?" In ka amsa ya tuna ka, sai ya cike takardar da hannunsa, ya liƙe ambulan, ya ratsa sa hannu a kan bakinta. In bai tuna ka ba, ba kunya zai ce ka nemi wanda ya san ka.

Ba na kewar waccan wahala. Ba masu ƙwazo ta tace ba, masu kuɗin mota da masauki a birni ta tace. Malama mai goyo a Miga ko Buji, ko da ita ta fi kowa a ajinsu, ina za ta bar gida ta yi ta zarya a kan takarda ɗaya? Da yawa irinta nan burinsu ya tsaya, jihar kuma ita ta yi asara.

Yau Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana ba da manyan digiri, ga kuma ta jiha a Kafin Hausa tun 2013. A intanet ake cike fom, a biya ta Remita, a ɗora takardu daga waya. Wannan ni'ima ce, Allah ya ƙara.

Abin da ke damuna shi ne shaida ta yi arha. Sau da yawa ɗalibi ne ke tsara wa kansa wasiƙar yabo, malami ya sa hannu bai karanta ba, tsarin bincike ma a shagon intanet ake haɗo shi. Shaida kuwa amana ce, za a tambayi mai bayar da ita. Ɗalibi ya rubuta tsarinsa da kansa, malami kuma kada ya yabi wanda bai taɓa duba aikinsa ba.