Ranar da Yaya Ya Juyo

Mu mutanen Makoɗa ba mu san tsauni ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gona na bin gona, sai dai kuka ko ɗorawa ta tare wa mutum gani. Amma hazo kam mun san shi, domin in hunturu ya kankama, mai tsaye a ƙofar gida ba ya hango rumbun maƙwabcinsa. Saboda haka ranar da yayana ya ce zai shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, Kaka ba ta ce komai ba sai, "Ka tuna da alhazai." Tana nufin jirgin da ya faɗi a filin Kano ran 22 ga Janairu, 1973, yana ɗauke da mahajjata daga Jidda, mutum 176 suka rasu.

Bayan ya gama, ya sami aikin tuƙa ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Wata safiya cikin Janairu aka ɗora masa likita da magunguna zuwa tsaunukan Mambila. Ya yi nisa, sai ya ga ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ta shafe tsakanin sama da ƙasa. Ya karkata akalar jirgi ya koma inda ya taso. Labari ya iso gida, samarin dandali suka laƙaba masa "Mai-ribas". Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi dariya.

Da ya zo hutu na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ƙanena, a Kano in ka ɓata cikin hazo, fili ne a ƙarƙashinka. A Mambila kuwa, ƙasar da kanta ta tashi kamar mita 1,600, kuma Chappal Waddi ya kai 2,419. Dutsen da ba ka gani ba yana nan a gabanka." Ya ƙara da cewa iskar can ba ta da kauri, don haka inji kan rage ƙarfi, jirgi kuma ba ya ɗagawa da wuri, sai an rage kaya. In ido ya daina ganin iyakar ƙasa, jiki kan yaudari matuƙi, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali ya karkace.

Abin da ya fi damunsa, wanda bai faɗa a gaban Inna ba, shi ne akwai marasa lafiya da suka kwana biyu suna jiran maganin nan. Har yau bai san abin da jinkirin ya jawo musu ba, kuma bai tambaya ba.