Ranar Da Ƙaya Ta Koma Akwati



Mu uku aka ba minti 20 a wani taron ƙara wa juna sani, mu yi bayani a kan haruffa masu lanƙwasa. Kwana biyu muka yi muna tsara shafukan a PowerPoint. Shafi na farko kalmomi biyu ne kawai, kaya da ƙaya.

Da aka haska majigi, kaya ta fito lafiya. Ƙaya kuwa ta fito da ɗan akwati a gurbin ƙ. Haka ɗ da ɓ har ƙarshe. Wani malami daga baya ya ce, "To ai ga kayan, ga akwatin zuba su." Aka kwashe da dariya, mu kuwa sai zufa.

Laifinmu ne. Mun zaɓi wani salon haruffa mai ado da muka sauko da shi daga intanet, kwamfutar zauren kuma tsohuwa ce, ba ta da shi, ta musanya da wanda bai san Hausa ba. Ashe a saitin adanawa akwai inda ake cusa salon haruffan cikin fayil ɗin, su yi tafiya tare. Wasu salon ba sa yarda a cusa su, shi ya sa yanzu muke gwada ƙ, ɗ, ɓ, ƴ tun kafin mu rubuta komai, kuma muna fitar da kwafin PDF mu riƙe.

Muna ƙoƙarin gyarawa a gaban jama'a sai manhajar ta sanƙare, ta rufe kanta. Nan ma mu ne: daga kan filas muka buɗe fayil ɗin kai tsaye, ga shi mun loda masa hotunan waya ba mu rage musu nauyi ba. Wani yaro da ke kula da na'urorin ya kwafe shi zuwa kwamfutar, ya danne Ctrl yayin buɗe manhajar, ta tashi ba tare da tarkacen da aka ɗora mata ba. Gyaranmu dai ya tafi, don bisa al'ada sai bayan minti 10 take adana aiki da kanta.

Minti 8 suka rage mana. Muka karɓi alli, ɗayanmu ya rubuta ƙaya a allo, ya lanƙwasa mata kai da hannunsa, muka fara.