Daga Bakin Teku Zuwa Tuddan Rairayi

Sunan unguwarmu kansa yana tuna mana cewa mu matafiya ne, domin zango wuri ne da ayari ke sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Kakanninmu sun sauko daga Arewa da kanwa da fatu, suka koma da goro. Amma yaran da muka haifa a Zangon Kwatano, iyakar yashin da suka sani shi ne na bakin teku a Fijirose, kuma Faransanci da Fon sun fi Hausa sauƙi a bakinsu. Wannan ne ya sa a hutun Disamba na 2019 muka ɗauki autanmu, ɗan shekara bakwai, muka nufi ƙasar Gure, gabas da Damagaram, inda kakarsa take.

Tafiyar ta kai kusan kilomita 1,800. Muka bi ta Faraku da Kandi, muka haye gadar Kwara daga Malanbil zuwa Gaya, sannan Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Kwana uku muka yi, yaron yana manne da taga yana kallon yadda kwakwar manja ta ba kaɗanya wuri, kaɗanya ta ba gawo da kuka, har muka shiga ƙasar goruba da ƙaya.

Da muka isa, tsohuwa ta rungume shi tana cewa, «Maigidana, sai yau ka tuna da ni?» Yaron ya sunkuyar da kai, don bai san cewa wasan jika da kaka ne ba. Kashegari da sassafe, cikin sanyin hunturu, kawunsa ya kai mu bayan gari. Can muka tarar da tuddan rairayi jere da juna, iska ta zana musu layi-layi. Autanmu ya tuɓe takalmi, ya yi ta hawa yana gangarowa, dariyarsa har ƙasan kwari.

Sai dai abin da ya zama wasa ga yaro, barazana ce ga masu gari. A ƙarƙashin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda ake noman dabino da rogo, ake kuma haƙar kanwa. Tun bayan farin 1973 da na 1984, da ciyawa ta mutu aka sare itatuwa, rairayin ya tashi yana tafiya, yana binne gonaki da rijiyoyi. Kawun ya nuna mana dabinon da kansa kaɗai ya rage a waje. Ya kuma nuna mana shingayen rassan goruba da mutanen gari ke kafawa gida-gida a kan tudu, domin su karya ƙarfin iska har shukar da ke tsakaninsu ta kama.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, «Kawu, mu ma teku yana cin gidaje a Akpakpa.» Gaskiya ya faɗa, domin tun da aka gina tashar jiragen ruwa, gaɓar gabashin Kwatano ta yi ta zaizayewa. Ashe Kudu da Arewa, kowa da irin nasa yaƙin da ƙasa.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyakar Malanbil, tafiyar da muka yi cikin sauƙi ta zama abin wuya ga iyalai masu yawa. Saboda haka, ya ku iyaye, duk lokacin da hanya ta samu, a kai yara su ga tushensu, tun tsofaffin da za su ba su labari suna raye. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da bai taka ƙasar kakanninsa ba, da wuya ya ji zafin abin da ke cin ta.