Kwalin Ibro

Ran nan da damina ta rusa mana bangon zaure a gidanmu na Goron Dutse, muna cikin kwashe tarkace sai na ci karo da wani kwali na marigayi mahaifina, cike da kaset-kaset na bidiyo duk sun yi fumfuna. Na ɗauka wa'azi ne, don shi mutum ne da ba ka cika ganin haƙorinsa ba. Ashe kusan rabinsu na Ibro ne.

Mu da muka taso a gindin dutsen nan, a akwatin talabijin muka fara sanin wasan ban dariya. Gida ɗaya ne mai talabijin a lungunmu, sai ka yi wanka ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka zauna a tabarma. Daga Kaduna ana kawo mana Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero, nan gida kuma ga CTV 67 da aka kafa zamanin gwamna Abubakar Rimi. To amma fa tashar ita ke da kyamara, ita ke da kaset, ita ke cewa ga ranar da za a nuna. 'Yan wasa nasu a biya su ɗan abin da ya samu su kama gabansu.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset, ta nuna ashe ana iya kai wasa kasuwa ba sai an bi ta ofishin kowa ba. Ta wannan ƙofa Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan, ya shigo da jama'arsa, su Kulu da Yautai da Tsigai, daga wajen Wudil. Kamfani ne in ka so ka kira shi haka, amma jarinsa bai wuce kyamarar haya da tsofaffin riguna da bakin Ibro ba. Yau abu ya faru a duniya, kafin ka farga ya isa Ƙofar Wambai a kaset: Ibro Usama a 2002, Ibro Saddam a 2003, ga Ibro Awilo. Ban san wata jarida da ta riƙa bin labari da irin wannan sauri a cikin harshen mai tura kura ba.

Mu kuwa masu riƙe da alƙalami mun raina su. Camama muke ce wa aikin, muna taɓe baki, wai babu tsari babu darasi. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani taron marubuta na yi ta sukar su har aka tafa mini, na dawo gida ina jin kaina. Ban sani ba ashe a daren nan ma wataƙila tsohon yana ɗaki ya rage murya yana kallon abinsa.

In na wuce ta gidan yarin unguwarmu nakan tuna cewa Ibro gandiroba ne kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa, kuma a 2008, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa, aka ɗaure shi a kan Ibro Aloko. Ban rubuta ko layi ɗaya ba a lokacin. Ya rasu a Disamban 2014, Allah Ya jiƙansa.

Na kai kwalin wurin wani mai gyaran rediyo da har yanzu yake da tsohuwar na'urar bidiyo. Cikin kaset goma sha ɗaya, biyu ne suka yi magana. Ɗaya hoton na rawa, murya na shaƙewa, amma da Ibro ya zare ido sai yaron shagon, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba sa'ad da aka ɗauki wasan, ya tuntsire da dariya har ya zubar da shayinsa. Sauran taran suna nan ƙarƙashin gadona, uwargida na ta tambaya yaushe zan zubar.