Ciwo Ba Haja Ba Ne

A Tafashiya, in aka ce wane ya kwanta, kafin a tambayi abin da ke damunsa an fara lissafin abin da za a sayar. Akuya ke fara tafiya kasuwa, sai buhun gero, in abin ya ƙi, a jinginar da gona.

Haka muka yi da ƙanwar mahaifiyata ta kasa haihuwa. A wani asibitin kuɗi aka ce sai mun ajiye kuɗin aiki kafin a taɓa ta. Tana naƙuda, muna cinikin sa. Allah Ya raya ta, amma damina ta zo babu na huɗa.

Ban ga laifin likita don ya nemi abinci ba. Sai dai fa mai ciwo ba ya taya magani, ba ya cewa albarka. Ciniki da wanda bai da ikon tashi, ai ba ciniki ba ne.

A 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Kasafin tarayyarmu bai taɓa kaiwa nan ba. Maƙwabciyarmu Nijar, duk da talaucinta, a 2006 ta yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2019 Filifin ta yi dokar sa kowane ɗan ƙasa cikin inshorar lafiya.

To jama'a, mu masu man fetur fa? Manomin Kankiya da Kusada haraji yake biya duk ranar kasuwa. Ran da ya kwanta, a bar masa sansa.