Gidan da Aka Gina Domin Murya a Tsibirin Rauda

Duk wanda ya zauna a Alkahira ya san birni ne da ba ya yin shiru. Hon ɗin motoci, kiran salla daga masallatai masu yawan gaske, da rediyon masu shaguna duk suna tashi lokaci guda. Amma a ƙarshen kudancin tsibirin Rauda, a tsakiyar kogin Nilu, akwai wani ɗan gidan tarihi da ake shiga domin a saurara: gidan tunawa da mawaƙiya Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975.

An buɗe gidan a 2001, a harabar fadar Manasterly, dab da tsohon ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a shekarar 861. Ɗalibin da ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a tashar Malikus Salih zai iya ƙarasawa da ƙafa. A ciki akwai rigunanta, da tabarau, da hankicin da take riƙewa idan tana waƙa, da tsofaffin garmaho da rediyo. Sai dai waɗannan kaya ba su kai mutum ko'ina sai muryar ta tashi. Shi ya sa aka tanadi ɗakin nuna fim da wurin sauraron waƙoƙinta. Nan ne baƙo zai gane dalilin da ya sa a da, daren Alhamis ta farkon wata, Larabawa kan taru a gindin rediyo domin ita.

Bahaushe ba zai fita daga nan ba tare da tuna gida ba. A gidajen tarihinmu, daga Kano har Yamai, za ka ga kayan kiɗa an jera su, kamar kakaki da algaita da tambari, amma yaron da aka haifa a ƙasar waje zai wuce bai ji kukan ko ɗaya ba. Muryoyin su Narambaɗa da Mamman Shata kuwa suna yawo a wayoyi, ba bayani, ba tarihi.

Galibi kuɗi ake ɗora wa laifi, alhali ɗakin nuni ba filin biki ba ne. Abin da yake bukata shi ne ƙaramar amfilifaya mai wat 15 zuwa 30, wadda za ta yi aiki daga safe har yamma kullum ba ta gaza ba. Nau'in da ake kira Class D ya fi dacewa, domin ba ya ɗaukar zafi sosai, ba ya shan wuta, ƙananansa kuma ba sa bukatar fanka, wadda ita ce ke zuƙo ƙura ciki. A tabbatar ta dace da lasifikar, mai om 4 ce ko 8. A zaɓi wadda ke tashi da kanta idan wuta ta dawo, a haɗa ta da sitabilaiza. Idan ɗakunan suna da yawa, tsarin layi mai bolt 100 irin na masallatai ya fi sauƙi, tunda amfilifaya ɗaya za ta ɗauki lasifikoki da dama.

Mai son ganin irin waɗannan na'urori sai ya leƙa titin Abdul'aziz, kusa da Ataba, inda shagunan kayan lantarki suke jere. A sa mai shago ya kunna, a rage sauti, a kai kunne kusa da lasifika: in ana jin ƙugi ko shuuu, a bar masa kayarsa. In da hali a sayi biyu iri ɗaya, domin ranar da ɗaya ta tsaya, kada ɗakin ya koma shiru.

Ɗalibanmu na Azhar da sauran mazauna Masar suna komawa gida da littattafai da tsaraba. Na'urar da za ta sa a ji kakaki a gidan tarihin garinku ba ta fi littafi ɗaya girma a jaka ba.